Agadas, Birnin Sarautar Abzin: Wuri, Ruwa da Yawan Jama'a, in an Hango Shi Daga Dallol Boso

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a Damana, cikin ƙasar Tondikandiya, zai ga gari ne da ke zaune cikin wani faffaɗan kwari mai rairayi, da gonakin gero da itatuwan gawo, duwatsu kuma sun yi masa katanga. Wannan kwari shi ne Dallol Boso. Manoman wurin sun san ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashinsa, domin rijiyar cikin kwari gaba kaɗan take ci, ta kan tudu kuwa sai an sha wuya. Abin da ba kowa ya damu da shi ba shi ne inda kwarin ya fito. In mutum ya bi shi arewa, ya wuce Bonkuku da Filinge da Abala, zai shiga Azawak, ya ɗan ratsa ƙasar Mali, ya komo Nijar, ya karkata gabas har ya kai filin Irazar, wanda ke karɓar ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Abzin. Ɗaya daga cikin ƙoramun da ke malala zuwa filin nan ita ce Telwa, wadda ke bi ta gefen Agadas. Dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara ke da danshi, ruwan da ya sauka a Abzin yakan bi wannan hanya har ya faɗa kogin Kwara kusa da Bumba.

Ke nan Damana da Agadas suna kan jijiya guda, ɗaya a ƙasa, ɗaya can sama. Amma rabonsu na ruwan sama ya sha bamban. A Filinge shekara mai matsakaicin ruwa takan ba da milimita 350 zuwa 400, a Agadas kuwa da wuya matsakaicin ya wuce 150. Duk da haka ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum kimanin 12,000 a garin Filinge, babban garin Kurfai, ta sami fiye da 110,000 a Agadas. Garin da ba a noma gero a bayansa ya ninka wanda ke tsakiyar gonaki wajen sau tara.

A cikin wannan ɗan rubutu za mu yi ƙoƙarin nuna cewa yawan mutanen Agadas, tun daga ƙarni na 15, hanya yake bi: in ta buɗe gari ya cika, in ta toshe ya watse. Ruwa kuwa shi ke yanka iyakar da cikar ba ta iya wucewa. Za mu kuma daɗe a kan wani adadi, wato 50,000, wanda ɗalibanmu ke kwasa daga littafi zuwa littafi ba tare da sun tambayi inda ya fito ba.

1. Wurin da birnin yake

Agadas na kusa da digiri 17 arewa da digiri 8 gabas, tsayinsa daga teku kimanin mita 500. Ta hanyar mota, in an bi Doso da Ƙonni da Tawa, tsakaninsa da Yamai wajen kilomita 950 ne. Birnin yana bakin duwatsun Abzin ne ta kudu, a kan fako, inda dutse ya ƙare fili ya soma. Arewa da shi tsaunuka ne, ciki har da Bagzan, inda ƙololuwar Idukal-n-Tagas ta kai mita 2,022, mafi tsawo a duk Nijar. Gabas da shi Tenere ce, sai Fashi da Balma, tafiyar wajen kilomita 600. Yamma akwai filin Irazar da Ingal da Tagidda mai gishiri. Kudu kuwa, bayan gangaren Tigidit, hanya ta miƙe zuwa Damargu da Damagaram da Kano.

Kowace kusurwa da abin da take bayarwa wanda sauran ba su da shi. Gishiri da dabino daga gabas suke zuwa, gero da tufafi daga kudu. Yamma na da makiyaya da ƙasa mai gishiri inda garkuna ke haɗuwa a ƙarshen damina, arewa kuma ta nan hajar Tarabulus ke biyowa ta Gat. Shi kansa birnin abin da yake fitarwa bai wuce aikin dukawa da maƙera ba: sirdin raƙumi, takalma, jakunkuna, kayan azurfa. Arzikinsa zamansa ne a mahaɗa.

Kada a ɗauka shi ne mahaɗar farko a wannan yanki. Marubutan Larabawa sun ambaci Maranda tun ƙarni na 9, masana kuma sun danganta ta da Marandat da ke gindin Tigidit. Ibn Battuta ya sauka Takadda, garin tagulla, a 1353, kangonta kuwa shi ne wanda ake gani a Azelik, arewa da Ingal. A cikin duwatsu akwai Asode, wadda yanzu ba kowa cikinta. Duk waɗannan sun yi zamaninsu sun mutu, alhali ƙasar da ke kewaye da su tana nan yadda take. Mai nazarin Agadas ya riƙa tuna cewa a wannan yanki birni abu ne mai tashi.

2. Ruwa da yanayi

Daminar Agadas gajera ce. Kusan duk ruwan shekara tsakanin Yuli da farkon Satumba yake sauka, mafi yawansa a Agusta, cikin kwanaki ƙalilan. Matsakaici ma ba ya faɗin gaskiyar lamarin sosai, saboda bambancin shekara da shekara. A cikin shekarun 1950 an ga damina da ta haura milimita 200, a 1984 kuwa abin da ya sauka duk shekara bai kai milimita 10 ba. A watannin Mayu da Yuni zafin rana yakan wuce digiri 41 kusan kullum. A Disamba da Janairu dare yakan sauko wajen digiri 11 ko 12, hunturu kuma ya taso da ƙura daga arewa maso gabas. Abin da rana da iska ke iya shanyewa a shekara ya fi mita biyu, wato ya ninka abin da sama ke bayarwa fiye da sau goma.

Da irin wannan ruwa gero ba ya kai ga yin kai. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bar Filinge a cikin ƙasar noma, ta bar Agadas can nesa a cikin ƙasar kiwo. Ba sabon abu dokar ta zo da shi ba game da Agadas, abin da kowane madugu ya sani ne aka sa a takarda.

Abin da ya sa mutum ke iya zama a wurin shi ne Telwa. Duwatsun Abzin na tare hadari fiye da filin da ke gindinsu, kuma ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya nitsewa, gangarowa yake yi ya taru a ƙorama. Telwa takan kawo ruwa sau da yawa cikin damina, wani zuwan na awoyi kaɗan, wani na kwana ɗaya ko biyu, sai ta bushe. Amma kafin ta bushe wani kashi na ruwan ya riga ya shige cikin rairayin da ke ƙarƙashinta, inda rana ba ta kai gare shi. Wannan ajiya ita ce rijiyoyin gari da lambunan Alarsas da Azel da Dabaga suka dogara a kai, inda ake jan ruwa da sa ko raƙumi, a noma alkama da masara da albasa da tumatir. Mutumin Damana ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, domin hikimar guda ce da ta Dallol: kogin da ido ba ya gani yana nan a ƙasa. Bambancin shi ne ajiyar Dallol faffaɗa ce, ruwan sama na ciyar da ita a wurin, ta Telwa kuwa siririya ce, kuma tana jiran abin da ya faru a kan duwatsu masu nisa. Shekara biyu ko uku in ƙorama ba ta zo sosai ba, rijiyoyi sun ja baya.

3. Dalilin da ya sa sarauta ta zauna a nan

Labaran fadar Agadas sun nuna an kafa sarautar Abzin wajen 1405, da Sarki Yunus. Akwai ruwayar da ke cewa daga Istambul aka zo da shi, wadda masana ba su ɗauke ta a matsayin tarihi ba, ko da yake tana faɗin wani abu na gaskiya, wato ƙabilun Abzinawa sun nemi sarkin da ba na kowace ƙabila ba ne. (Muna cewa Abzinawa domin kalmar Buzu, wadda bakin mutane ya saba da ita, asalinta bayi da ƴantattu take nufi.) Saboda wannan dalili ne al'ada ta fi son mahaifiyar sarki ta zama ba ɗiyar manyan ƙabilu ba. Aikin sarki sulhu ne da tsaron ayari da karɓar fito. Ba shi da rundunar da za ta fi ƙarfin waɗanda suka naɗa shi, kuma sun sha tuɓe shi.

Sarakunan farko sun zauna Tadeliza, sannan Tin Shaman, kafin Ilisawan ya tabbata a Agadas kafin tsakiyar ƙarni na 15. In aka dubi irin aikin sarkin, zaɓin wurin ba ya ba da mamaki. Wanda zai raba gardama tsakanin ƙabilu bai kamata ya zauna cikin kwarin ɗaya daga cikinsu ba, wanda zai karɓi fito kuma dole ya zauna inda ayarin arewa ke haɗuwa da na gishiri da na gero. Djibo Hamani, a cikin littafinsa na 1989 game da wannan sarauta, ya nuna yadda kasuwanci da siyasa suka riƙe juna a nan. Ɗaya daga cikin manyan fadawa shi ne Sarkin Turawa, mai kula da baƙin fatake, a lokacin da Bature ke nufin Balarabe ko duk wani farin baƙo daga arewa.

Ƙarni na 16 shi ne ganiyar birnin. Hanyar da ta taso daga Gawo zuwa Masar da Makka ta Agadas take bi. Askiya Muhammadu ya kawo masa yaƙi sau biyu, wajen 1500 da kuma 1515, kuma a kan rabon ganimar yaƙi na biyu ne Kanta na Kabi ya ɓata da Songai. A wannan zamani aka gina babban masallaci da hasumiyarsa ta laka mai tsawon mita 27, wadda ake danganta wa Shehu Zakariyya, aka kuma sake gina ta a 1844. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leon na Afirka, ya bayyana Agadas a matsayin birni mai ganuwa wanda galibin mazaunansa baƙin fatake ne, ya ce sarkinsa na biyan Songai gandu mai yawa. Bayan sojan Maroko sun karya Songai a Tondibi a 1591, hanyar yamma ta yi rauni, sai birnin ya ƙara juya fuskarsa kudu. A 1674 Agabba, ɗan Sarki Muhammadu al-Mubarak, ya ci Kabi da yaƙi ya karɓe Adar, ƙasar da ke da gero. A ƙarni na 18 Agadas na da sauran suna a fagen ilmi, tun da har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru zuwa can.

4. Lissafin Barth

Heinrich Barth ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, ya yi wajen mako uku, ya kuma halarci naɗin Sarki Abdulƙadiri. Ya tarar da gari wanda kangaye suka fi gidajen da ake zaune ciki yawa. Ya ƙiyasta gidaje masu mutane 600 zuwa 700, ya ba su jimillar mutum kimanin 7,000, wato wajen goma a kowane gida. Mutanen gari sun gaya masa cewa babbar watsewa ta faru ne wajen 1790, lokacin da jama'a suka yi ƙaura zuwa Katsina da Tasawa da Maraɗi da Kano. Sannan ya dubi zagayen tsohon birnin, wanda ya auna da mil uku da rabi, kusan kilomita 5 da rabi, ya ce a zamanin ƙarfinsa zai iya ɗaukar mutum 50,000.

Daga nan adadin ya fito. Ba wanda ya ƙidaya mutanen Agadas a ƙarni na 16. Baƙo ne ya dubi kango bayan shekara ɗari uku, ya auna fili, ya faɗi abin da filin zai iya ɗauka. Barth bai yi laifi ba, domin ya faɗi yadda ya yi lissafinsa. Laifin na masu kwafa ne, waɗanda suka mayar da "zai iya ɗauka" ta koma "yana da".

Bari mu gwada adadin ta hanyar ciki maimakon ta hanyar fili. Barth da kansa ya lura cewa a kasuwar Agadas wuri ba ya ciniki, gero ne ma'aunin farashi. Wannan ya isa ya nuna abin da ya fi ƙaranci a garin. Ma'aikatan lissafin cimaka a Nijar sun daɗe suna ɗaukar kilo 200 na hatsi a matsayin abin da mutumin birni ko makiyayi ke ci a shekara. In muka ari wannan ma'auni, muka kuma ɗauka raƙumi na ɗaukar kilo 150 a doguwar tafiya, mutum 7,000 na bukatar tan 1,400, wato kayan raƙumi kimanin 9,300 a shekara. Mutum 50,000 kuwa na bukatar tan 10,000, kayan raƙumi fiye da 66,000. Ko da kowane raƙumi zai yi sawu huɗu a shekara tsakanin Damargu da Agadas, sai an ware raƙuma wajen 16,000 ba su da wani aiki sai jigilar gero. A kwatanta wannan da ayarin gishiri da Barth ya ba da labarinsa, mai raƙuma kimanin 10,000, wanda aka ɗauka babban abu ne na shekara guda.

Ana iya yi mana gardama, kuma da hujja. Nono da cuku da dabino da alkamar lambu na rage bukatar gero. Mai yiwuwa kuma iyakar noma a ƙarni na 16 ta fi ta yau matsowa arewa, abin da zai gajarta tafiya. Mun yarda da duka biyun, amma ko an rage kashi ɗaya cikin uku, nauyin da ya saura yana da girma ƙwarai ga gari guda. Ga kuma maganar ganuwa. A ƙasar Hausa ganuwa ba ta taɓa zama ma'aunin gidaje ba, Barth ma ya ga gonaki da fili a cikin ta Kano. Birnin da ayari ke sauka cikinsa na bukatar zango da wurin durƙusar da raƙuma, ga kududdufan da aka haƙi ƙasar gini. A ganinmu 50,000 iyakar abin da ganuwa za ta iya riƙewa ne, wataƙila a makonnin da ayarori suka haɗu, mazauna na dindindin kuwa sun yi ƙasa da haka nesa. Ɗalibin da zai yi amfani da adadin ya rubuta sunan mai shi da shekarar 1850 a gefensa.

Ko 7,000 ɗin ma a riƙe shi da hankali. A garin fatake da yawa daga cikin maza kullum suna kan hanya, saboda haka yawan jama'ar watan Oktoba daban yake da na watan Maris.

5. Daga zuwan Faransawa zuwa 1926

Tawagar Foureau da Lamy ta sauka Agadas a watan Yuli na 1899, ta yi watanni tana neman raƙuma da hatsi. Faransawa sun shiga garin da soja a 1904, suka kafa bariki na dindindin a 1906. Amma bugun da ya fi yi wa birnin illa daga nesa ya zo. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga bakin teku, a shekarar kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Hajar da ke cin watanni a bayan raƙumi ta koma zuwa ta Ikko cikin kwanaki. Sai ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa ke kira Kakalaba, ta cinye rumbunan kudu da Abzin ke dogara da su, ga kuma kamen raƙuma da bariki ke yi.

Tawayen da ya biyo baya ya taɓa kan kwarin nan biyu. A watan Afrilu na 1916 Firhun, shugaban Iwillimmidan na yamma, ya kawo hari Filinge, Kurfayawa suka tsaya tare da bariki, aka kore shi. A watan Disamba na shekarar Kawsan ya iso Agadas da bindigogi daga Fezzan, Sarki Tagama ya mara masa baya, suka tsare sojan Faransa cikin barikinsu har zuwa farkon Maris na 1917, lokacin da dakaru daga Damagaram suka iso. Ramuwar da aka yi ta yi muni. An karkashe malamai masu yawa da suka fake a masallaci, aka kwashe dabbobi, ƙabilu da dama suka gudu ko aka tura su kudu. An kashe Kawsan a Fezzan a 1919, Tagama kuma ya mutu a kurkukun Agadas a 1920. A tsakiyar shekarun 1920 mutanen birnin ba su kai 3,000 ba.

A 1926 ne kuma aka ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga Damagaram aka kai Yamai, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. Cibiyar ƙasa ta koma bakin kogi, Agadas ya zama bariki mai nisa wanda ake tura ma'aikaci can kamar horo.

6. Su wane ne Agadasawa

Sunayen tsofaffin unguwanni goma sha ɗaya na birnin sun isa darasi. Katanga da Unguwar Bayi Hausa ce. Amdit da Imurdan daga harshen Abzinawa suke. Hugubere kuwa duk mai jin Zabarmanci zai tsinkayi "beri" a ƙarshenta, ma'anarta babban gida a harshen Songai. A 1850 Barth ya tarar mutanen gari na magana da wani reshe na Songai da ake kira Emgedesi, Hausa kuma ita ce harshen ciniki. Ya ɗauka Askiya ne ya dasa wannan harshe a 1515. Binciken da aka yi daga baya a Ingal da Tagidda, inda ake jin ɗan'uwansa Tasawak har yanzu, ya sa masana da yawa ganin harshen ya girmi yaƙin Askiya, wato gadon mutanen Takadda ne. Emgedesi ya mutu, Hausa ta gaje shi, har a fada, inda ake da Ɗangaladima da Magajiya da dogarai.

Akwai masu cewa Hausa gida ta komo, tun da Gobirawa na riƙe da cewa daga Abzin suka fito kafin Abzinawa su tura su kudu. Wannan ruwaya na da ƙarfi, Hamani ma ya ba ta muhimmanci. Sai dai a ganinmu Hausar da ake ji yau a Agadas ayarin gero ta biyo: wanda ke ciyar da gari, harshensa ake ciniki da shi. Tafiyar ma ba ta fuska guda ba ce, domin Agalawa da Tokarawa, manyan fataken Kano, asalinsu daga Abzin ne. Mu a Dallol muna da irin wannan a ƙofar gida. Abzinawan Imanan da na Tagazar, da suka zauna cikin manoma, galibinsu Zabarmanci ko Hausa suka koma yi, duk da sun riƙe sarauta. Henri Guillaume ya yi nazarin na Imanan a 1974.

7. Daga 1970 zuwa yau

Ƙidayar 1977 ta sami mutum kimanin 20,000 a Agadas, ta 1988 kimanin 50,000, ta 2001 fiye da 75,000, ta 2012 fiye da 110,000. In aka yi lissafi, tsakanin 1977 da 1988 garin ya riƙa ƙaruwa da wajen kashi 8 cikin ɗari a shekara. Bayan haka ƙaruwar ta sauko wajen kashi 3 da ɗan abu, wato ba ta fi ta sauran ƙasa ba. A lura cewa sai a 1988 birnin ya kai adadin da Barth ya yi masa zato, kuma da mota da injin jan ruwa ya kai.

Shekarun gaggawar nan su ne na uraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a Arlit a 1971, COMINAK a 1978, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit ta Agadas a ƙarshen shekarun 1970, gawayin Anu Araren kuma ya kawo lantarki. Masu yawon buɗe ido da tseren motocin Pari-Dakar suka ƙara. Amma su ne kuma shekarun fari, na 1973 zuwa 1974 da na 1984. Nan ne abu ya juya. A zamanin ayari fari kan watse birnin, domin raƙuman da ke kawo gero sun mutu, rumbunan Damargu kuma babu kome. A zamanin mota fari cika shi yake yi, domin makiyayin da garkensa ya ƙare ya san a birni ake sauke buhunan taimako. Shekarar da sama ba ta ba da milimita 10 ba tana tsakiyar shekarun da garin ya fi saurin girma a duk tarihinsa da aka ƙidaya.

Lafawar da ta biyo baya ita ma hanya ce ta kawo ta. Farashin uraniyom ya faɗi a shekarun 1980, tawaye ya ɓarke daga 1990 har zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, wani ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009, baƙi masu yawo suka ɗauke ƙafa. Ƙidayar 2012 kuma an yi ta ne kafin cikar da ta biyo bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 ta kai ganiyarta. An gano zinariya a Jado a 2014. A 2016 hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙidaya fiye da mutum 300,000 da suka bi ta jahar zuwa Libiya da Aljeriya. Dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, wadda aka fara zartarwa sosai a 2016, ta tsayar da direbobi da masu masauki da yawa, kafin a soke ta a watan Nuwamba na 2023. COMINAK ya rufe a 2021, sojan Amurka kuma sun bar sansaninsu na bayan gari a 2024. Jahar Agadas ta fi rabin faɗin Nijar, amma a 2012 mutanenta ba su kai 500,000 ba, ƙasa da kashi 3 cikin ɗari na ƴan ƙasa, kuma fiye da kashi ɗaya cikin biyar nasu a birnin suke.

Ajiyar Telwa ba ta iya shayar da wannan taro ita kaɗai. An koma haƙa rijiyoyin burtsatse a wajen gari, irin na Karbubu, inda ake jawo ruwa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ruwan da galibinsa ya taru tun zamanin da Azawak ke gudu zuwa Dallol, kuma damina ta yau ba ta mayar da abin da ake ɗiba. A gefe guda sababbin unguwanni sun bazu zuwa ƙasa mai kwari da mutanen dā suka bari fili. A farkon Satumba na 2009 ruwa mai yawa ya sauka a duwatsu, Telwa ta fasa madatsarta, ta rushe dubban gidaje cikin dare. Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013, amma ginin laka da aka yi wa ƙasa mai milimita 150 ba ya jure ruwan da ke zuba da ƙarfi a yini guda. Daminar 2024, wadda ta kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ta lalata gidaje a tsofaffin unguwannin Agadas, ta kuma bar magina da aikin yaɓe a jikin hasumiya.